Waiwaye: Jiziyar da aka karɓa a hannun masu salla

A shekara ta 100 bayan Hijira, wajen 718 ke nan a lissafin Miladiyya, gwamnan Khurasan, Jarrah ɗan Abdullahi al-Hakami, ya tashi mutum uku zuwa ƙasar Sham su kai wa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz labarin lardinsa. Biyu Larabawa ne. Na ukun maula ne, wato cikin mutanen da ba Larabawa ba masu jingina da wata ƙabila ta Larabawa. Sunansa Salihu ɗan Ɗarif, amma an fi saninsa da Abus Saida'i. Larabawan suka yi ta zuba bayani, shi kuwa yana zaune bai ce uffan ba, har Umar ya juyo ya tambaye shi ko shi ba ɗan tawagar ba ne, me kuma ya hana shi magana.

Da ya buɗe baki sai ya faɗi abin da ba a aiko shi da shi ba. Ya ce akwai mawali irinsa 20,000 da ke fita yaƙi tare da rundunar musulmi ba albashi ba abinci, akwai kuma wasu kamar yawansu da suka musulunta amma ana nan ana karɓar haraji a kansu kamar ba su musulunta ba. Ya ƙara da cewa gwamnan nasu mutum ne mai kaushi da ƙabilanci, yakan hau mumbari ya faɗa da bakinsa cewa mutum ɗaya daga danginsa ya fiye masa ɗari daga wasu. Ɗabari ya kawo wannan zama a littafinsa na tarihi, ya ce Umar ya yaba wa mutumin, ya nuna irinsa ya kamata a riƙa aikowa.

Hukuncin kansa ba ɓoyayye ba ne. Jiziya a kan wanda ba musulmi ba take, ranar da ya musulunta ta faɗi. Abin da ya ɗaure al'amarin baitulmali ne. A Khurasan da garuruwan ƙetaren kogin Jaihun, wanda yau ake kira Amu Darya, yawanci dunƙulallen kuɗi aka yanka wa kowane gari tun lokacin sulhu, masu tara shi kuwa sarakunan gargajiyar wurin ne, dihƙanai. In manomi ɗaya ya musulunta ya fita daga lissafi, kuɗin garin bai ragu ba, sai nauyin ya koma kan saura ko kan dihƙanin. Gwamna kuma yana da runduna da za ta ci albashi. Da haka aka wayi gari sarkin gari da ba musulmi ba da gwamna musulmi sun haɗu a kan abu ɗaya, duk ba sa farin ciki da musuluntar talaka. Tun kafin wannan, gwamnan Iraƙi, Hajjaju ɗan Yusuf, ya riga ya buɗe ƙofar a can. Ya kori sababbin musulmi daga Basra zuwa ƙauyukan da suka fito, ya mayar musu da harajinsu, suka fita suna kuka ba su san inda za su nufa ba, makaranta Alƙur'ani na garin suka bi su suna taya su kuka.

Umar ya rubuta wa Jarrah cewa duk wanda ke fuskantar alƙibla yana salla a ɗauke masa jiziya. Nan da nan mutane suka yi ta shigowa Musulunci. Sai wasu na kusa da gwamnan suka ba shi shawara: waɗannan fa gudun haraji ya kawo su, a gwada su da kaciya a ga mai gaskiya. Jarrah ya aika wa halifa da shawarar. Amsar da ta dawo gajeriya ce, ma'anarta Allah Ya aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don ya kira mutane, ba don ya yi musu kaciya ba. Haka kuma da Jarrah ya rubuta cewa mutanen Khurasan ba abin da zai gyara su sai takobi da bulala, Umar ya mayar masa da cewa adalci da gaskiya za su gyara su. Cikin watan azumin shekarar aka sauke Jarrah.

Shawarar kaciyar nan ita ce na fi jin zafinta a labarin duka, don ita ce ba ta mutu ba. Masu ba da ita ba su ce a hana kowa musulunta ba. Cewa suka yi a tantance, kuma a kunne magana ce mai kama da kishin addini. Amma me ke cikinta? Mutum ya bar addinin ubansa, watakila ya ɓata da danginsa, ya zo ya furta shahada, abin da zai fara tararwa shi ne an ɗaga masa riga a duba. Mai yiwuwa ma wasunsu harajin ne da gaske ya tunzura su. To sai me? Bayan yaƙin Hunaini, a shekara ta 8, Annabi ya raba raƙuma ɗari-ɗari a Ji'irana ga manyan mutane irin su Abu Sufyan da Aƙra'u ɗan Habis da Uyaina ɗan Hisn, yana sane da cewa zukatan wasu ba su gama zama ba. Safwan ɗan Umayya ya faɗa da kansa cewa a da ba wanda ya fi ƙi kamar Annabi, ya yi ta ba shi har ya zama ba wanda ya fi so kamarsa. Alƙur'ani ya ware wa masu irin wannan hali kaso cikin kashi takwas na zakka a Suratut Tauba. Shi kuwa Usama ɗan Zaid, da ya kashe mutumin da ya furta shahada a bakin takobi bisa hujjar cewa tsoro ne ya sa shi, Annabi ya yi ta maimaita masa tambayar ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, har Usama ya yi burin da ma ranar ya fara shiga Musulunci. Wanda ya shigo don tsoro da wanda ya shigo don raƙumi duk an karɓe su, aka bar zama da mutanen kirki ya yi aikinsa a kansu.

Umar bai tsaya a ɗauke haraji ba. Da jami'in harajinsa na Masar ya yi ƙorafin cewa musuluntar jama'a tana karya kuɗin shiga, ya tuna masa an aiko Annabi mai shiryarwa ne, ba mai tara haraji ba. Zuwa Ifriƙiyya, Tunisiya ta yau, ya naɗa Isma'il ɗan Ubaidullahi ɗan Abil Muhajir, ya haɗa da malamai goma daga cikin Tabi'ai su zauna su karantar da Barbar. Jikokin Barbar ɗin nan ne daga baya suka ratso Sahara da fatauci da littattafai zuwa ƙasashenmu.

Shekara biyu da 'yan watanni Umar ya yi a kan mulki, ya rasu a shekara ta 101. Abin da ya gyara bai daɗe ba ya koma gidan jiya.

A shekara ta 110, zamanin Halifa Hisham ɗan Abdulmalik, wani gwamnan Khurasan, Ashras ɗan Abdullahi as-Sulami, ya ce a samo masa mutum mai tsoron Allah ya tura shi Samarƙand ya kira mutane zuwa Musulunci. Aka nuna masa Abus Saida'i, shi dai mutumin nan. Ya ce shi Farisancinsa bai nuna ba, aka haɗa shi da Rabi'u ɗan Imrana at-Tamimi. Ya kuma kafa sharaɗi tun kafin ya ɗaura sirdi, cewa duk wanda ya musulunta ba za a karɓi jiziya a hannunsa ba, ya ɗauki alkawarin abokansa cewa in jami'ai suka saɓa za su tsaya tare da shi. Ya san mutanen da yake aiki da su.

Ya je ya yi kira, jama'a suka amsa, aka shiga gina masallatai. Ba a jima ba Ghurak, sarkin Samarƙand, ya rubuta wa Ashras cewa haraji ya karye. Ashras ya aika wa jami'insa cewa ya ji mutanen nan ba don son addini suka shigo ba, saboda haka a duba: wanda ya yi kaciya, yake tsai da farillai, yake iya karanta sura, shi kaɗai za a ɗauke wa. Shawarar da Umar ya yi watsi da ita shekara goma baya ta dawo, har da ƙarin jarrabawar karatu. Ya kamata a san irin mutanen da ake cewa su kawo sura. Narshakhi, marubucin tarihin Bukhara, ya ce da Ƙutaiba ɗan Muslim ya gina masallaci a garin a shekara ta 94, sai da ya sa shela cewa duk wanda ya zo Juma'a yana da dirhami biyu. Mutanen ba su iya Larabci ba, sai a tsai da wani a bayan sahu, in an zo ruku'u ya ɗaga murya ya faɗa da harshensu, in an zo sujada ya sake faɗa. Shekara goma sha shida ke nan kacal tsakani. Ba a tura musu malamai goma ba, an turo musu masu jarrabawa.

Daga nan ma aka jefar da jarrabawar. Dihƙanan Bukhara suka zo suna kukan cewa ba su ga wanda za su karɓi haraji a hannunsa ba, Ashras ya ba da umarni a karɓa a hannun duk wanda ake karɓa a da. Mutum 7,000 daga cikin Sugudawa, mutanen yankin Samarƙand, suka fice suka yi sansani a wajen Samarƙand, sun ƙi biya. Abus Saida'i ya cika alkawarinsa, ya fita ya zauna tare da su, shi da wasu Larabawa masu mutunci, cikinsu har da mawaƙi Sabit Ƙuɗna. Aka kira su da sunan zama, aka tsare su. Da aka raba jama'ar da masu tsaya musu, sai masu karɓar haraji suka saki hannu: aka yayyaga tufafin manyan gari, aka rataya musu ɗamarunsu a wuya, aka matse raunana. Sugud da Bukhara suka bar Musulunci, suka kira Turkawa su taimake su, aka shafe shekaru ana zubar da jini a ƙasar da aka shiga da wa'azi.

Sai a shekara ta 121 gwamnan Khurasan na lokacin, Nasru ɗan Sayyar, ya hau mumbari a Marw ya ce duk musulmin da ake karɓar jiziya a kansa ya kai ƙara. Kafin Juma'a ta zagayo musulmi 30,000 sun zo, aka kuma gano mutum 80,000 da ba musulmi ba waɗanda aka ɗauke wa. Gyara ne na gaske, sai dai ya zo a makare. Shekara takwas bayan haka, a 129, Abu Muslim ya ɗaga baƙaƙen tutocin tawaye a kusa da Marw ɗin, mawali suka cika rundunarsa, a 132 daular halifofin nan, Banu Umayya, ta faɗi.

Daga cikin irin mutanen da aka yi wa wannan kallon raini ne aka samu waɗanda suka riƙe mana addinin. Kakan mahaifin Imam Bukhari, Mughira, shi ne ya musulunta a hannun gwamnan Bukhara, Yaman al-Ju'fi. Uban Mughira, Bardizba, a addinin Majusawa ya rayu. Ruwayar Warshu da yaranmu ke rubutawa a allo daga Nafi'u na Madina ta zo, shi kuwa maula ne, asalinsa Isfahan. Warshu kansa Bamasare ne, an haife shi a shekara ta 110, shekarar da ake karɓar jiziya a hannun masu salla a Samarƙand.

Mu yau ba mu da baitulmalin da musuluntar wani za ta karya. Duk da haka ban ga mun kuɓuta daga halin Jarrah da Ashras ba. A ƙasar nan an taɓa ganin musulunta mai yawa, lokacin rangadin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi tsakanin 1963 da 1965, bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962. Da aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966 aikin ya yi sanyi, abin da ya rage a kowane ƙauye kuwa ya danganta da ko an bar malami ya zauna a can. Har yau kwamitocin da'awa na shiga ƙauyukan Maguzawa, a birane ma ba a rasa mai zuwa karɓar shahada.

Kowa ya san yadda abin yake gudana a masallacin Juma'a. An sallame, liman ya ce jama'a su ɗan dakata. A tsai da saurayi a gaban lasifika, yana rawar murya yana bin kalmomin ɗaya-ɗaya. Kabbara ta tashi. Wayoyi su ɗagu sama, a shimfiɗa darduma a zuba kuɗi, wani ya miƙo hula, wani carbi, a zaɓa masa suna nan take. Kafin La'asar fuskarsa ta zaga Facebook da WhatsApp, ta isa wayar ƙanin ubansa tun shi bai yanke shawarar yadda zai faɗa wa mahaifiyarsa ba. Ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda a ɗauke shi. Da an tambaye shi ma, wa zai iya cewa a'a a gaban ɗaruruwan mutane masu kabbara? Daren nan watakila ba shi da wurin kwana. Waɗanda suka yaɗa bidiyon sun samu yabo, shi ya samu kora daga gida. Sirrin mutum amana ne, kuma shi ke da ikon cewa yaushe da ta bakin wa danginsa za su ji.

Sai kuɗi. Ana ɗora hoton sabon musulmi da lambar asusu, jama'a su tura da zuciya ɗaya, amma ba kasafai ake dawowa a ce ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi ba. Ban ce duk masu wannan aiki macuta ba ne. Akwai waɗanda daga aljihunsu suke ciyarwa, suna hawa babur cikin damina zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga. Su ne ma suka fi kowa bukatar a riƙa rubuta lissafi ana karanta wa jama'a, don kada mai cin amana ya ɓuya a bayansu. Abin da za a yi da kuɗin kuma ya kamata ya wuce buhun shinkafa da turmin atamfa. Wanda ya musulunta sau da yawa ya rasa gonar gado da jarin da dangi za su ba shi. Da aka haɗa Abdurrahman ɗan Auf da Sa'ad ɗan Rabi'u a Madina, Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya ce a nuna masa kasuwa. Mai shago da zai ɗauki yaro ya koya masa ɗinki ko gyaran waya ya fi masa amfani a kan taron bayar da tallafi da za a ɗauki hoto.

Jarrabawar Ashras kuwa tana nan da ranta. Mutum bai gama koyon alwala ba an ja shi gefe ana faɗa masa masallacin da ba a bi, wannan na cewa ya saki hannu, wancan na cewa ya kama, kowace ƙungiya na son ta ƙirga shi a nata. In ya yi kuskure a Fatiha a yi murmushi a kalli juna. In ya roƙi taimako sau biyu a ce da ma abin da ya kawo shi ke nan. Da Annabi ya aiki Mu'azu Yaman, daki-daki ya tsara masa: tauhidi tukuna, in sun karɓa sai salla, in sun karɓa sai zakka. Malami ɗaya mai haƙuri da zai zauna da shi a kan Ƙawa'idi da Ahalari ya ishe shi a shekarar farko.

Akwai kuma masu ganin musuluncin mutum bai cika ba sai ya yanke da iyayensa. Wannan ba koyarwar addini ba ce. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta zo mata Madina ba ta musulunta ba, ya ce ta sada zumunta da ita. Suratu Luƙman ta hana bin iyaye a shirka, a ayar kuma ta ce a zauna da su da kyautatawa. Suratul Ahzab ta ce a kira kowa da sunan ubansa. Bilal da Suhaib da sunayensu suka shigo, da su suka rasu. In kuwa mai son musuluntar yarinya ce ƙarama, ɓoye ta a gidan wani ba taimakon addini ba ne. A fito fili, a nemi iyayenta, a sa hukuma a ciki, don kare ita kanta yarinyar da kuma zaman lafiyar gari.

Inda muka fi faɗuwa shi ne aure. Mace ta musulunta, ba uba ba wa da zai tsaya mata, sai ka ga masu zuwa da sunan jihadi sun yi layi. A ɗaura da ɗan sadaki, ba wanda ya binciki mijin kamar yadda zai bincika in 'yar cikinsa ce, bayan wata shida ya sake ta da ciki. Gidan ubanta ya rufe, gidan miji ya rufe, masu kabbarar ranar Juma'a kowa ya kama gabansa. Liman ko alƙalin da ya karɓi waliccin irin wannan mata ya zama ubanta ne, haƙƙinsa ne ya tambayi sana'ar mutumin, da matan da ya saka a baya, da ɗakin da zai ajiye ta, ya kuma iya cewa bai ba shi ba.

Namiji kuwa akasin haka yake gani. Ya shekara ashirin yana sahun gaba, 'ya'yansa sun sauke Alƙur'ani, ranar da ɗansa ya je neman aure sai a ce a dakata a yi bincike, binciken kuma ya tsaya a kan cewa uban tubabbe ne. Abu Huzaifa ɗan Utba, ɗan babban gida a Ƙuraishawa, ya ɗauki 'yar ɗan'uwansa Walid ya aurar wa Salim, 'yantaccen bawa, shi Salim ɗin da ya limanci Muhajirai a Ƙuba har da Umar ɗan Haɗɗabi a bayansa saboda ya fi su Alƙur'ani. Annabi da kansa ya zaɓa wa Faɗima 'yar Ƙais, Baƙuraisha, Usama ɗan Zaid, alhali Mu'awiya na cikin masu nemanta. Mazhabar Malikiyya da muke kai ma ba ta sa nasaba cikin abin da ake dubawa wajen dacewar miji ba, addininsa take dubawa da lafiyarsa daga aibobin da ke ɓata aure. Uban da ya hana 'yarsa saboda kakan yaron bai yi salla ba, ba shi da madogara a fiƙihun da ya karanta, kuma yaron da aka kora zai koma gida ya faɗa wa mahaifinsa dalilin da aka ba shi.